Ƙarfin Mota a Ƙafarta Yake: Darussa Daga Hanyoyin Suleja

Duk majalisar da samari ke hirar mota a Suleja, hirar inji ake yi. Doki nawa ne a ciki, akwai turbo ko babu, minti nawa take ci daga Madalla zuwa Kubwa idan hanya ta buɗe. Da wuya ka ji an tambayi irin tayar da ke ƙafarta, sai fa in ana kukan tsadarta. Alhali duk ƙarfin da inji zai bayar, da duk kamun da birki zai yi, sai sun bi ta roba kafin su isa ƙasa, kuma abin da ke taɓa kwalta a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Motar da nake hawa Golf 5 GTI ce, 'yar Belgium. Tana cikin dangin ƙananan motocin nan marasa dogon but, masu ƙofa a baya, 'yar'uwar Golf 3 da ke lodin fasinja a tashoshinmu, sai dai ita an cusa mata inji mai doki 200. Kamfanin Volkswagen ya fara fitar da GTI a 1976 da doki 110 da 'yan tayoyi masu rim 13. Tawa kuwa rim 17 gare ta, kuma tana iya wuce kilomita 230 a awa in an ba ta fili. Da ƙafafun gaba take ja, wato tayoyin gaba biyu su ke jan mota, su ke juya ta, su ke ɗaukar kaso mafi tsoka na birki. Mota irin wannan ba ta rufa wa taya asiri. In robar ba ta da kyau, tun a tashin farko za ta faɗa maka.

Mazaunin Suleja mai aiki a Abuja kuwa hanya iri uku yake bi a yini guda. Akwai layukan cikin gari, su Kwamba da Rafin Sanyi, masu hawa da gangara da jar ƙasar da ruwa ke kwasowa ya zube a kan titi. Akwai babbar hanyar Kaduna, ta gindin Dutsen Zuma zuwa Zuba, wadda ke cike da tireloli da tankokin mai. Sai kuma shimfiɗaɗɗen titin Kubwa, inda ƙafa ke yi wa totur nauyi ba ka sani ba. In hidima ta kai ka Minna ta Dikko da Lambata, ka ƙara ramuka a lissafi. Tayar da za ta iya da wannan duka ita na daɗe ina nema, ga kuma abin da neman ya koya mini.

Tambayi yadda take yi a ruwa

A busasshiyar kwalta kusan kowace taya jaruma ce. Bambanci yana fitowa ne ranar da sama ta zubo. Ruwan farko na watan Afrilu ya fi kowanne haɗari, domin yana tarar da ƙurar rani da man gas da baƙin man da manyan motoci suka yi watanni suna ɗigarwa, ya dama su wuri guda. Daga Madalla zuwa Zuba a irin wannan rana, fitilar santsi ta kan yi ta ƙyaftawa a gabana ko da a hankali na taka totur. A Agusta da Satumba kuma matsalar ta sauya: ruwa ne ke kwanciya a kan titi, taya ta kasa kore shi da sauri, ta hau kansa ta rabu da kwalta. Sitiyari ya yi sakayau a hannunka, ka juya shi mota ta ƙi amsawa.

Abin daɗi, ba sai ka yi ta canke ba. Tun Nuwamban 2012 Tarayyar Turai ta wajabta manna wa sabuwar taya takarda mai nuna darajarta, kuma tayoyi da yawa da ke zuwa kasuwarmu suna ɗauke da ita. Nemi wurin da aka zana gajimare da ruwa. Harafin da ke nan shi ne ƙarfin kamunta a jiƙaƙƙiyar kwalta, daga A zuwa E a tsarin da aka sabunta a 2021. Tsakanin ta sama da ta can ƙasa, motar da ke gudun kilomita 80 kan samu bambancin kusan mita 18 kafin ta tsaya, tsawon ƙananan motoci huɗu a jere. Wanda ya san yadda ɗan acaɓa ke faɗo wa titi a Madalla ya san abin da mita 18 ke nufi. In babu takardar, duba jikin tayar inda aka rubuta TRACTION, ma'aunin Amurka ke nan. AA ce gaba, sai A, sai B, sai C. Kusa da shi akwai TEMPERATURE, wato juriyar zafi, kuma a ƙasarmu ban ga dalilin sauka daga A ba.

Akwai tayoyin filin tsere masu ɗan zane kaɗan da wasu samari ke sha'awa don hotunan da suke gani a intanet. A busasshen fili suna manne wa ƙasa, amma ba su da isassun magudanan da za su kore ruwan Suleja. Masu irin motata abin da ya dace da su shi ne tayar titi mai kamu, irin jerin Pilot Sport na Michelin, ko Eagle F1 na Goodyear, ko Potenza na Bridgestone, ko Ventus na Hankook, da takwarorinsu masu sauƙin kuɗi da suka samu A ko B a ruwa. Sai dai a san cewa roba mai kamu ta fi saurin cinyewa. Kamun da ƙarkon ba sa cika haɗuwa a taya ɗaya, dole ka zaɓi wanda ya fi maka.

Zurfin zane ba shaida ba ne

Ranar da motar ta iso hannuna, tayoyinta huɗu cike suke da zane. Dillalin har shafa su yake yi yana cewa, "Alhaji, ka huta da sayen taya sai baɗi." Da na kai ta gareji a duba, bakanikena ya tsuguna ya nuna mini wata 'yar alama a gefen tayar: dutse mai kai uku, da furen ƙanƙara a tsakiyarsa. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ta sanyi ce. Ba don ƙasarmu aka yi ta ba."

Gaskiyarsa. A Jamus doka ta tilasta sa tayar hunturu idan titi ya yi ƙanƙara, haka mutanen Kanada da arewacin Turai ke sauya taya sau biyu a shekara. An haɗa robarta ta zauna da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da maki 7, an kuma tsattsaga zanenta da ƙananan yanka don ta ciji ƙanƙara. Kawo ta Suleja a watan Maris, lokacin da zafi ke haura maki 35 kwalta kuma ta fi haka nesa, sai ta yi lagwab. A kwana mota ta riƙa lilo, birki ya ƙara tsawo, zanen da ya ruɗi ido ya narke cikin 'yan watanni. Waɗannan tayoyi sun cika rumfunan 'yan Belgium, kuma su suka fi ɗaukar ido saboda zurfin zanensu. Na cire nawa kafin damina.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne shekarun taya. A gefenta akwai layin da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, tana bushewa ta taurare, rana da zafi kuma suna gaggauta hakan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne cewa shekara huɗu ne wa'adin taya daga ranar ƙera ta. Kamfanoni irin su Michelin sun fi sassauci: a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya take. Ni dai na lura tun kafin zane ya ƙare kamu ke fara raguwa, musamman ga motar da ke yini a rana. Shi kansa zanen, sabuwa kan zo da kusan milimita 8, kuma a cikin magudanan akwai 'yan tudu da ke nuna an sauka zuwa 1.6, iyakar da dokar Turai ta yarda. Mai bin titin Kubwa da damina kada ya jira nan. In ya kai 3, a fara shiri.

Belgium mai suna ko sabuwa marar suna

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin rai, domin aljihu ne ke magana. Da muna da masana'antun taya a gida. Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya da ta Ikeja a 2008. Tun daga nan kusan duk tayar mota daga waje take zuwa, kuma da aka saki Naira a tsakiyar 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa kasuwar tsofaffin tayoyi ke ci, duk da suna cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su.

Mai rumfa zai ce maka, "Oga, wannan giredi wan ce, Bature ya ɗan taka ya cire." Wataƙila gaskiya ne. Amma ba shi da labarin ramin da ta faɗa, ko tafiyar da ta yi ba iska har wayoyin cikinta suka gaji. Na ga wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, na ga wadda aka kankare wa shekara aka shafe da baƙin fenti. Sababbin ma ba duka suka tsira ba: Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama kwantenonin da aka cusa taya cikin taya don rage kuɗin dako, abin da ke lanƙwasa bakin da ke kama rim tun ba a ɗaura ba. Don haka nakan sa a fito da taya haske, in duba shekara, in shafa cikinta, in zagaya bakinta da yatsa.

Inda na tsaya shi ne: sabuwa ta matsakaicin kuɗi, wadda ba ta wuce shekara da ƙerawa ba kuma harafinta na ruwa ya yi kyau, ta fi tsohuwa mai babban suna da ta shekara shida. Sunan yana nan a rubuce, amma robar da ta jawo masa suna ta riga ta bushe. Araha ba ta ado, sai dai tsada ma ba ita ce hujja ba. Abin da ke rubuce a gefen taya ya fi bakin mai sayarwa gaskiya.

Faɗi da siranta ba namu ba ne

A gefen tayata an rubuta 225/45 R17 91W. Lambar farko faɗinta ce, milimita 225. Ta biyu tsayin bangonta ne, kashi 45 cikin 100 na faɗin, kusan milimita 101. Sai rim mai inci 17. Lamba 91 na nufin kowace ɗaya na ɗaukar kilo 615, harafin W kuma gudun da za ta iya jurewa ne, har kilomita 270 a awa. V na tsayawa a 240, H a 210, T a 190. Ba wanda ke da hurumin yin irin wannan gudu a titinmu, amma harafin yana gaya maka ƙarfin ginin taya da yadda take jure zafi. Kada a sauka ƙasa da abin da masu mota suka rubuta.

Abokai sun sha zuga ni in koma rim 18 da taya 225/40, wai motar za ta fi zama a ƙasa ta fi kyan gani. Kyan gani kam akwai. Amma bangon zai sauka zuwa milimita 90, kuma wannan 'yar tazara ita ce tsakanin rim da bakin rami. Wani maƙwabcina mai irin motata da ya yi hakan, tafiya ɗaya zuwa Minna ya dawo da kumburi a gefen taya da rim a lanƙwashe. Kumburin gefe ba shi da faci, zaren ciki ne ya tsinke, sai dai a jefar. Ƙara faɗi ma haka: a busasshen titi yana ɗan ƙara kamu, amma a kwantaccen ruwa faffaɗar taya ta fi saurin hawa kansa, tunda ruwan da za ta kore ya fi yawa. Na bar tawa yadda masu ita suka auna.

Iska da ɗauri

Taya mai tsada da iskar banza ba ta fi ta araha ba. Masu faci da yawa sun saba da motocin haya masu lodi, hannunsu ya saba da 45 ko 50 a geji, wani ma da ɗan ƙarfe zai ƙwanƙwasa ya ce ta yi. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, kamu ya ragu, mota ta riƙa tsalle a gargada. In ta yi kaɗan, bango ya riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya fashe a tsakiyar gudu. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 36. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Na sayi ɗan gejina na ajiye a mota, ina aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Mai facin unguwarmu tun yana dariya har ya saba, yanzu da ya hango ni sai ya ce, "Malam, kawo naka mu gani."

A tsaya kuma a ga ɗauri. Yawancin tayoyi masu kamu gefensu biyu ba ɗaya ba ne: an rubuta OUTSIDE a wanda zai kalli waje. Wasu kibiya gare su mai nuna inda za su riƙa juyawa, in aka juya ta baya sai ta riƙa tara ruwa maimakon kore shi. Bayan ɗauri a yi balansin da alaimin. Rami ɗaya mai kyau ya isa ya karkatar da ƙafa, ka wayi gari cikin taya ya suɗe wajenta na nan sabo. In shokoba ta mutu kuwa, taya tsalle take yi a kan titi, kuma wadda ke sama ba ta kama komai.

In biyu kawai za ka iya saya

Na taɓa tattauna wannan da wani dattijon direba da ya shekara da shekaru yana jigila tsakanin Suleja da Kaduna. Na ce, "Baba, kamfanonin taya sun ce sababbi a baya ake sa su." Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ta gaba in ta fashe sitiyari take ƙwacewa. Mu gaba muke sa wa." Maganarsa tana da tushe, domin shi fashewa yake tsoro, kuma ya ga abin da ban gani ba. Amma amsar wannan ita ce kada a bar tayar da ake tsoron fashewarta a kowace ƙafa. In duka huɗun lafiyayyu ne, zane ne kawai ya bambanta, to a baya ya kamata masu zurfin su zauna. Gaba in ta zame a kwana, mota miƙewa take yi, ka ɗaga ƙafa daga totur ta dawo hanya. Baya in ta zame, mota juyawa take yi da kai, kuma gajeriyar mota marar nauyi a baya tana yin hakan kafin ka ankara. Ko yaya dai, ƙafa biyu na layi ɗaya su zama iri ɗaya, girma ɗaya. Wanda ya samu hali ya sa huɗu lokaci guda, ya riƙa musanya na gaba da na baya don su cinye tare.

Kamu ajiya ne, ba lasisi ba

Haɗarin sabuwar taya mai kyau shi ne daɗinta. Mota ta zauna daram, kwanar da kake shiga da taka-tsantsan ta zama wasa, sai ka cinye ribar da ka saya ta hanyar ƙara gudu. Lissafin kuwa ba ya sauyawa: in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake yi. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a babban titi mai hannu biyu, 50 a cikin gari.

Ranar Lahadi 6 ga Maris 2016, a wannan hanya tamu ta Kaduna zuwa Abuja, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ambaci gudu da taka birki da ƙarfi bayan fashewar. Babbar mota ce ta gwamnati, ba Golf ɗin haya ba. Daga nan ne hukumar ta tsananta duba tayoyi a kan hanya. Abin da ya kamata kowane direba ya haddace shi ne: taya in ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, kada a danne birki, a saki totur sannu a hankali, sai mota ta lafa a gangara gefe. Wannan yana yiwuwa a kilomita 90. A 150 sai dai wani ikon Allah.

Don haka ga mai ƙaramar mota mai zafi a Suleja, kafin sabon rim, kafin salansa mai ƙara, kafin baƙin gilashi, kuɗin farko na taya ne. Lokacin sayenta kuma watan Maris ne, a ɗaura, a daidaita ƙafa, a ɗan taka ta ta washe kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas. Ba a fafe gora ranar tafiya.